Ƙwayoyin da maƙwabciya ta ba Inna daren da ta razana: in ajiye su a gida?

Maman Ilham (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu aikin asibiti da ke cikinmu. Daren Talata wajen ƙarfe sha ɗaya aka bugo wa Inna waya daga Kano cewa ƙaninta ya rasu, hatsarin mota a hanyar Zariya. Wanda ya bugo bai yi wani kwana-kwana ba, kai tsaye ya faɗa mata. Wayar ta suɓuce daga hannunta, jikinta ya ɗauki ɓari, zufa ta karyo mata, numfashi sama-sama, tana ta cewa "ni ma tafiya zan yi, ku yafe mini." Maigidan yana Riyad, daga ni sai yara. Ihun Ilham ne ya fito da maƙwabciyarmu, wata 'yar Indiya da muka shekara shida ƙofa da ƙofa. Ta koma ta ɗauko wata 'yar kwalba mai farin ƙwayoyi ƙanana kamar gero, ta zuba biyar ƙarƙashin harshen Inna, ta zauna ta riƙe hannunta tana shafa mata baya. Bayan minti goma sha biyar ta ƙara mata biyar. Wallahi kafin rabin awa rawar jikin ta lafa, Inna ta samu ta yi kuka sosai, ta yi alwala ta kwanta.

A jikin kwalbar an rubuta Aconite 30C. Ta ce maganin homiyofati ne, su a garinsu kowane gida akwai shi, ana ba wanda ya razana, da wanda zazzaɓi ya rufe farat ɗaya, da yaron da tari ya tayar cikin dare. Ta bar mini kwalbar. To in riƙa amfani da shi? Kuma babu haram a cikinsa?

Hajiya Babba (Jarwal):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba Inna haƙuri. Ki gaishe mini da ita.

Baban Sudais:
Allah ya yi masa rahama. Maman Ilham, ki riƙe kwalbar nan da kyau. Shekara tara ina amfani da shi. Wani ɗan Pakistan da muke tuƙi a kamfani ɗaya ne ya fara ba ni ranar da tirela ta kusa haye ni a hanyar Madina, hannuna ya kasa riƙe sitiyari saboda rawa. Na tsotsa, na ɗan zauna, na dawo hayyacina. Tun ranar ba ya rabuwa da aljihun motata. Ba shi da illa ko kaɗan, har jariri ana ba shi.

Sista Rabi (Makka):
Allah ya gafarta masa. 'Yar'uwa, maganar ƙwayoyi za ta jira, ki fara amsa mini waɗannan. Shekarun Inna nawa? Tana da suga ko hawan jini? Daren nan ta yi ƙorafin ƙirji, ko hannun hagu, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu? Ta yi amai? Yau yaya ƙarfin jikinta?

Maman Ilham (Jidda):
Anti Rabi, ta haura sittin da biyar. Tana da suga fiye da shekara goma, da hawan jini. Ta ce ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata turmi, ta yi amai sau ɗaya. Tun ranar ba ta da kuzari, amma mun ɗauka zafin rashi ne.

Sista Rabi (Makka):
To don Allah ki ajiye wayar nan ki kai ta yau, ba gobe ba. Ki ce a yi mata takhɗiɗ, wato awon da na'ura ke zana yadda zuciya ke bugawa, da gwajin jinin da ake kira turoponin. Idan tsokar zuciya ta taɓu, wannan sinadarin yana tashi a jini kuma yakan daɗe sama da mako bai sauka ba, don haka har yanzu ba a makara da ganewa ba.

Ba tsoratar da ke nake yi ba, aikina ne, shekara goma sha ɗaya ina sashen tawari, wato sashen gaggawa na asibiti. Mata, da tsofaffi, da masu suga, sau da yawa bugun zuciya ba ya zo musu da ciwon nan mai tsanani da ake tsammani. Nauyin ƙirji ne kawai, da zufa, da amai, da kasala. Suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai abu ya yi ɓarna mutum bai ji shi yadda ya kamata ba. Sannan mummunan labari shi kansa yana iya taɓa zuciya. Akwai wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suna ce masa takotsubo: tashin hankali ya sa tsokar zuciya ta yi rauni farat ɗaya, kuma waɗanda ya fi kamawa su ne mata da suka daina al'ada. Daidai irin Inna. Wataƙila razana ce kawai, Allah ya sa haka. Amma ido ba ya rarrabewa, sai na'ura.

Maman Ilham (Jidda):
Subhanallahi. Ƙanin maigidan zai zo da mota bayan la'asar, za mu je.

Baban Sudais:
A je a duba, ba wanda ya hana. Amma Sista, ki yarda dai ƙwayar ta yi aiki. Ga mutum yana rawar jiki, an ba shi, ya daina. Me ya rage?

Abu Hanif (saidaliyya):
Yaya Baban Sudais, bari in faɗi abin da ke cikin kwalbar, don ni a saidaliyya, wato kantin magani, nake wuni, kuma na zauna na karanci abin nan saboda yawan masu tambaya.

Wani likitan Jamus ne ya ƙirƙiro homiyofati, Samuel Hahnemann, a 1796. Ra'ayinsa shi ne abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamu, shi zai warkar da mara lafiyan da ke da irin waɗannan alamun, in an ba shi kaɗan. Aconite tsiro ne mai shuɗin fure da ke fitowa a duwatsun Turai, sunansa na kimiyya Aconitum napellus, kuma guba ne na gaske, a da har kibiya ake shafa wa irinsa. Wanda ya ci shi bakinsa zai mutu, zuciyarsa ta rikice, tsoron mutuwa ya kama shi. Shi ya sa suka ce a ba wanda ya razana.

To amma ga abin da 30C ɗin nan take nufi. A ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan tsiron a zuba cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa ko barasa, a girgiza. Wannan 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a zuba cikin wani sabon casa'in da tara, a girgiza, 2C. Haka za a yi ta yi har sau talatin. Ku da ke Jidda, ku tsaya a Kornish, bakin teku, ku ɗiga ɗigo ɗaya cikin Bahar Maliya, a ce ya gauraye da tekun gaba ɗayansa tun daga Suwes har Babul Mandab. To wannan bai wuce kusan mataki na sha ɗaya ba. Daga na sha biyu, lissafi ya nuna da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron. Ana kuma ci gaba har sau goma sha takwas bayan nan. Daga ƙarshe a ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin sukari a bar su su bushe. Abin da aka sa wa Inna ƙarƙashin harshe sukari ne. Su kansu masu yin sa ba su musa ba, cewa suke ruwan yana riƙe "tunanin" abin da ya taɓa shiga cikinsa.

Baban Sudais:
Ɗan'uwa, in sukari ne kawai, me ya sa gwamnatin Indiya ta yi masa ma'aikata guda? Akwai kwalejojinsa, mutum ya yi shekara biyar da rabi yana karatu kafin a ba shi shaida. Sarkin Ingila na yanzu ma an san shi da goyon bayansa. Duk waɗannan ba su da hankali ne?

Abu Hanif (saidaliyya):
Ban ce ba su da hankali ba, Yaya, kuma abin da ka faɗa gaskiya ne. A 2014 Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH, homiyofati na ciki tare da sauran magungunansu na gargajiya. Amma yawan masu amfani da abu daban, gwada shi daban. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu ƙwayar, a ba wasu sukari zalla, ba mai sanin wanda ya samu wanne har likitan. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostiraliya ta tattara irin waɗannan gwaje-gwajen ta ce babu ciwo ko ɗaya da aka samu hujja mai ƙarfi cewa homiyofati na warkarwa. A Ingilar da ka ambata, hukumar lafiyarsu ta ce a daina rubuta shi da kuɗin gwamnati a 2017. Faransa, wadda ke da manyan masana'antunsa, ta daina biya wa mutane kuɗinsa daga farkon 2021.

Zan yi wa Hahnemann adalci ta fuska ɗaya. A zamaninsa likitocin Turai zubar wa mara lafiya da jini suke yi kwano-kwano, su ɗura masa sinadarin zaiba. Wanda aka ba sukari aka bar shi ya huta ya fi wanda aka yi wa wannan tsira. Nan sunansa ya samo asali. Amma lokacin ba allurar adirenalin, ba insulin, ba maganin narkar da gudan jini.

Zainabu (Madina):
To ni abin da ban gane ba, in babu komai a ciki, me ya kwantar wa Inna da jiki? Don Maman Ilham ba ƙarya take yi ba, da idonta ta gani.

Sista Rabi (Makka):
Ba ƙarya take yi ba ko kaɗan, ƙanwata. Ki sake karanta abin da ta rubuta. Matar nan ta zauna, ta riƙe hannun Inna, tana shafa mata baya, ta ba ta wani abu tana gaya mata za ta ji sauƙi. Gida ya rikice, sai ga mutum ɗaya da bai rikice ba. Wannan ba ƙaramin magani ba ne, kuma Allah ya saka mata da alheri.

Na biyu, firgici yana da nasa lokacin. Jiki ya saki adirenalin, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu ya yi rawa. Yawanci yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, ya fara sauka cikin ashirin zuwa talatin, ko an ba da wani abu ko ba a bayar ba. Duk abin da aka sa a baki a tsakanin nan, shi za a yaba wa. Baban Sudais ma ya faɗa da bakinsa: ya tsotsa, ya ɗan zauna.

Abin da ke hana ni barci shi ne kalma ɗaya da take ɗauke da abu biyu. A nan da Larabci ana cewa "sadma". Wanda aka yi wa rasuwa ya gigice, sadma. Wanda jininsa ya faɗi har ya daina isa ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ma a asibiti sadma muke cewa. Turanci ma haka yake, kalma ɗaya ce. Sai mutum ya karanta cewa ƙwayar nan ta sadma ce, ya ɗauka har da ta biyun. Ta farko tana wucewa da kanta. Ta biyu tana kisa, wani lokaci cikin mintuna. Kuma a farkon farawa kamarsu ɗaya: zufa, zuciya na bugawa da sauri, fuska ta yi fari, tsoron mutuwa.

Ƙudan zuma ya harbi yaro, ko ya ci gyaɗa ko jatan lande, leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe: wannan allurar adirenalin yake so a cinya, nan take. Bakin tsoho ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe: shanyewar ɓarin jiki ne, kuma allurar narkar da gudan jinin tana da iyaka, awa huɗu da rabi daga lokacin da abin ya fara, a ciki har da hanya da hoton kai. Zazzaɓi ya rufe yaro farat ɗaya da sanƙarewar wuya ko ɗigon jini a fata: sanƙarau muke tsoro, wanda saboda shi ne ake tilasta wa alhazai rigakafi. Umarnin ƙwayoyin nan kuwa shi ne a bayar, a jira kwata, a ƙara, a sake jira. Ni ba sukarin nake tsoro ba. Jiran nake tsoro.

Ummu Fahad:
Anti Rabi, kin taɓo mini inda yake min ciwo. Ban taɓa faɗa a nan ba. Shekara uku ke nan, Abban Fahad ya dawo daga sallar isha ya ce ƙirjinsa ya riƙe, yana ta gyatsa. Mu ba wannan ƙwayar muka ba shi ba, jiƙo muka yi masa, da kanwa, da man habbatus sauda, muna cewa iska ce ta cika masa ciki. Shi da kansa ya hana a kira is'af, motar asibiti, wai kada a tara masa jama'a a ƙofar gida. Sai bayan ƙarfe biyu da ya yanke jiki ya faɗi muka kira. Ya rayu, alhamdu lillahi, an sa masa ƙarfe a jijiya. Amma likita ya ce wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu, ba ya dawowa. Mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa ya hau bene, yau hawa ɗaya sai ya tsaya ya huta. Awa biyar ɗin nan da muka yi muna jiƙe-jiƙe, har gobe ina lissafa su. Kowa ya riƙe abin da ya yarda da shi, amma a fara kira tukuna.

Hajiya Babba (Jarwal):
Allah ya ƙara masa lafiya 'yar nan, kada ki ɗora wa kanki. Ni kuma wanda nake jin haushi shi ne mai bugo wayar. Wace irin tarbiyya ce a kira tsohuwa da tsakar dare a ce mata wane ya mutu? Mu da muka taso, ba a haka ake faɗin mutuwa ba. Babba ake nema a gaya masa, shi ya tako da ƙafarsa da safe, a zauna, a gaisa, a ce jikin wane ya yi tsanani, a bar zuciya ta fara shiri, a kawo maganar haƙuri da ƙaddara, sannan a sauke. Ana tabbatar da akwai mata a kusa da za su riƙe ta. Na zo ƙasar nan tun ana aiko da labarin rasuwa a kaset ko a wasiƙa ta hannun alhazai, wata biyu bayan an binne, kuma ko shi ba a miƙa wa mai shi kai tsaye. Yanzu kafin a rufe gawa hoto ya zagaye duniya. Wata a unguwarmu a sitatus na waya ta ga rasuwar ɗanta. Ku yaran yanzu ku gaya wa na gida: in an yi rashi a kira ɗa ko suruki, kada a kira tsohuwa.

Malam Na Misfala:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya saka. Ga tambayar Maman Ilham ta biyu da ba a amsa ba, ta halal da haram. Abu Hanif, ka ce ana sirka shi da barasa?

Abu Hanif (saidaliyya):
E, Malam. Na ƙwaya, ana ɗiga masa ne ya bushe, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amma akwai na ruwa da ake ɗigawa a harshe, wannan barasar tana nan. Akwai kuma wani da ake kawowa daga Ingila mai suna Rescue Remedy, wanda wani likita Edward Bach ya haɗa a shekarun 1930 daga furanni biyar, shi ma don firgici ake sayar da shi. Na asalinsa a cikin barasar inabi ake adana shi, an rubuta a jikin kwalbar.

Malam Na Misfala:
To. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da giya don magani, ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Muslim ya ruwaito. Malaman zamani, har da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke nan Makka, sun yi sauƙi a kan maganin da aka sa wa barasa kaɗan da ta narke a ciki, da sharaɗin babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Na ƙwayar da ya bushe, ban ga abin da zai sa a ce wanda ya sha ya yi laifi ba, kada Inna ta damu. Na ruwan kuwa, sharaɗin bai cika ba, tunda ba a ma tabbatar yana magani ba balle a ce babu madadinsa. A bar shi.

Kuma mu muna da namu na mai baƙin ciki. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, idan aka yi rasuwa a danginta takan sa a dafa talbina, kunun garin sha'ir, wanda ake sa wa madara ko zuma, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Yana cikin Bukhari. A dama wa Inna, amma a kula da zumar saboda sugarta. Wannan duk bayan an dawo daga asibiti ne. Wanda ya ce a yi tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Baban Sudais:
Malam na ji, na kuma karɓa. Amma bari in faɗi abin da ya sa irinmu muke komawa wajen waɗannan mutane. Na je mustausaf, ƙaramin asibiti, da ciwon kai na wata uku, likita bai ɗago ya kalle ni ba, minti uku ya rubuta Panadol ya ce na gaba. Mai homiyofatin da aka haɗa ni da shi ta waya ya yi kusan awa guda yana tambayata, yaya barcina, me nake tsoro, yaushe rabona da gida. Ranar na ji an ɗauke ni mutum. Sannan Sudais yana da shekara biyu tari ya tashe shi cikin dare, irin mai kama da haushi, na ba shi ƙwaya uku na fita da shi waje na rungume shi, ya lafa. Wannan ma za a ce ba komai ba ne?

Sista Rabi (Makka):
Maganarka ta farko, Yaya, ba ni da abin cewa sai haƙuri. Gaskiya ce, kuma laifinmu ne mu ma'aikata. Mutum ya bar iyalinsa shekara da shekaru yana tuƙi dare da rana, ciwon kansa ba na Panadol ba ne kawai. Wanda ya saurare ka ya yi maka abin da ya kamata mu yi.

Tarin Sudais kuwa mun san shi sosai, kumburin maƙogwaro ne da ƙwayar cuta ke kawo wa ƙananan yara, ya fi tashi da dare. Kuka yana ƙara toshe hanyar iska, rarrashi yana buɗe ta. Ka rungume shi, ya natsu, ya samu numfashi. Yawancinsu haka suke lafawa. Amma in yaro yana zaune shiru kana jin ƙara in ya ja numfashi, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko leɓe ya yi shuɗi, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, wannan ba na gida ba ne. Muna da maganin da ake ba shi sau ɗaya kumburin ya sauka.

Tunda kai direba ne, ga wanda ya fi kusa da kai. Hajjin 2024 ina bakin aiki. Zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Bugun rana farat ɗaya yake zuwa, jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu. In ka ga haka a hanya, inuwa, a cire kaya masu nauyi, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, ƙanƙara a wuya da hammata, wani kuma yana kiran 997, lambar motar asibiti. Kada a tura komai a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko ƙwaya ko ruwa, shaƙewa zai yi.

Abu Hanif (saidaliyya):
Akwai gyara ɗaya da ya zama dole a kan cewa ba shi da illa ko kaɗan. Na 30C ɗin sukari ne, e. Amma akwai wanda ba a sirka ba, ruwan tsiron na asali, a jikin kwalbar za ka ga harafin Q ko wani sifili da aka ja wa layi. Akwai kuma masu ƙaramar lamba irin 2X ko 3X. Waɗannan da gubar a ciki, kuma gubar Aconite ba ta da makari, sai dai a yi ta tallafar zuciya har ta fita. Kwalaben kamarsu ɗaya, ana shigo da su a jaka ba tare da hukumar abinci da magunguna ta gan su ba. Ko a Amurka, a 2016 da 2017 hukumarsu ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyin homiyofati na fitowar haƙoran jarirai, bayan ta auna ta ga gubar tsiron beladona a cikinsu ba daidai take ba, wata ƙwayar ta fi abin da aka rubuta nesa. Don haka Yaya, duba kwalbar motarka, kuma a nesanta ta da yara.

Baban Sudais:
Na duba, 30C ce. Ta Q ɗin ban taɓa sani ba, na gode.

Baiwar Allah:
Ku yi haƙuri da ɓoye sunana. Kuna ta cewa a kira is'af, a je tawari. Ba kowa ke da igama, takardar izinin zama, ba a cikinmu, kun sani. Wata tana ganin tsohuwarta na shure-shure amma tana tsoron abin da zai biyo bayan kiran. Shi ya sa ake rungumar kowace ƙwaya da aka ce tana aiki. Ba jahilci ba ne, rashin mafita ne.

Sista Rabi (Makka):
Na sani 'yar'uwa, ni ma a unguwar nan na girma. Ba zan ce miki maganar takardu da kuɗi ba ta zuwa ba, tana zuwa. Abin da zan iya shaida shi ne inda nake aiki, wanda aka kawo rai a hannun Allah gado muke fara nema masa, tambaya daga baya. Matsalar takarda ana zama a nemi bakin zarenta, jama'a su taimaka. Wanda ya tafi ya tafi. In kin rasa ta yi, ki buga 937 ta ma'aikatar lafiya, dare da rana akwai likita a kan layi, ki faɗa masa abin da kike gani ya gaya miki ko na jira ne ko ba na jira ba. In Larabcin ne matsala, ga lambata a wajen admin, a kowane lokaci.

Admin:
Na maƙala lambobin a saman zaure: 997 Hilalul Ahmar, masu motar asibiti, 911 gaggawa, 937 shawarar likita. Masu mota da za su iya fita da dare in an kira su, su turo mini suna da unguwa ta akwatin sirri. Zuwa yanzu mutum huɗu a Jidda, biyu a Makka.

Baban Sudais:
Sa ni a na Jidda, Kilo Sitta zuwa Guwaiza, in ba na kan hanya.

Maman Ilham (Jidda):
Mun dawo yanzu. Takhɗiɗ da gwajin jini ba su nuna bugun zuciya ba, alhamdu lillahi. Amma jininta 190 bisa 110, suga kuma ta haura 300. Ashe tun daren Talata ba ta sha ko ƙwaya ɗaya cikin magungunanta ba, ta ce ba ta ma tuna da su ba, ni kuma hankalina na kan masu zuwa gaisuwa ban lura ba. Sun riƙe ta awa huɗu har jinin ya sauko, sun ce a dawo ranar Lahadi a yi hoton zuciya na na'urar sauti. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu a haka, da wani labarin ake yi.

Baban Sudais:
Alhamdu lillahi. Kun ga dai daren nan razana ce, ba zuciya ba.

Sista Rabi (Makka):
Razana ce, Yaya, kuma yau muka sani, bayan an auna. Daren Talata ba wanda ya sani, har ni. Maman Ilham, maganin Inna ya dawo hannunki na wata guda, ke za ki riƙa ba ta da kanki safe da dare. In ba ku da na'urar awon suga a gida ku saya. Rawar jiki da zufa ga mai suga yana iya zama faɗuwarta ce, in ta yi ƙasa da 70 kuma tana cikin hayyacinta, dabino uku ko rabin kofin lemo, a sake aunawa bayan kwata. Ƙwayoyin nan biyar ba su kai ko rabin dabino ɗaya ba.

Maman Ilham (Jidda):
To Anti. Kwalbar kuma zan mayar wa maƙwabciyata in yi mata godiya, don wallahi daren nan ita ce ta tsaya mana. Ina tunanin yadda zan gaya mata maganar ta Q ɗin ba tare da ta ji na raina alherinta ba, don na ga tana da kwalabe da yawa a kabad kuma tana da jikoki ƙanana.

Hajiya Babba (Jarwal):
Ki dafa abinci mai kyau ki kai mata da kanki, ku zauna ku ci tare, sannan ki kawo maganar a matsayin tambaya, ki ce wani ɗan'uwanku mai saidaliyya ne ya ce a duba. Talbinar kuma kada ki saya ta gwangwani, gobe in Allah ya kai mu zan aiko jikana da garin sha'ir da na niƙa da kaina. Turo mini kwatancen gidan.